Ni Na Zana, Shi Ya Sa Hannu

Akwai wani mutum da ke jikin bangaye da yawa a Bangui yanzu, ramamme, mai kunnuwa kamar marfin tukunya, da wushirya a baki, yana tura amalanke yana dariya. Yara sun san shi, 'yan tasi sun manna shi a gilashin mota, har a jikin riga na taɓa ganinsa. Ni na ƙirƙiro shi, da alli, a bayan ƙofar wani shagon fulawa a Kasuwar Kilomita Biyar, a unguwarmu ta Musulmi da ake ce wa Sankilo. A wajen doka kuwa ba nawa ba ne, in na ɗauki buroshi zan zana shi sai da izinin wani. Abin yana cin raina har gobe, kuma na daina kunyar faɗa.

Sana'ata zanen allunan shaguna ce. Mu biyu muke yin ta, ni da wani abokina Kirista ɗan unguwar Miskine. Tun muna samari muka haɗu a wajen wani tsohon mai fenti da ya koya mana haɗa kala, da ya rasu muka gaji gwangwanayensa da tsaninsa mai gurguwar ƙafa. Abokin nawa ya yi boko sosai, rubutunsa na Faransanci kamar injin ya buga. Ni kuwa na bar aji da wuri, in ka ba ni rubutu sai haruffan su yi ta hawa tudu, amma duk abin da idona ya gani hannuna zai fitar da shi. Sai muka raba aikin, hoto nawa, rubutu nasa. Da yaren Sango muke hira, yana kirana ita, wato ɗan'uwa, ni ma haka nake kiransa. A kwano ɗaya muke cin gozo, wato tuwon rogo, da rana, hannuwanmu suna warin kananzir.

Mai shagon fulawar nan ne ya ce ya gaji da allo mai buhu da cokali, a yi masa abin da zai tsayar da mai wucewa. Na zauna a bakin shagon ina kallon masu amalanke suna ta faman kutsawa da kayan da manyan motoci suka sauke daga Kamaru, kowa na zaginsu, su kuwa ko a jikinsu. Na ɗauki kunnen wannan, na ɗauki haƙorin wancan, na ɗauki takalmin soso na wani da ya tsinke masa ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Kafin la'asar mutumin ya tsaya a bayan ƙofa yana tura buhun fulawa da ya fi shi girma. Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan kowa ya ce shi ma sai an yi masa. Mai waya na ɗora masa waya mai girman ƙyaure a amalanken. Mai yadi na jera masa bandir har sama. Mahauci kuwa bijimin sa na zaunar masa a ciki, ya harɗe ƙafa kamar fasinja. Mata har kwatance suke yi da shi, su ce ka wuce mai tura sa, ka karya dama.

A ƙasan kowane allo, can gefe, masu irin aikinmu suna rubuta sunansu da lambar waya. A namu sunan abokina ne kawai, kuma ni na ce a yi haka.

Dalilin Baba ne. Baba ɗan kasuwar yadi ne, shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Kakansa ya zo ƙasar nan daga wajen Katsina da fatauci, ya taho da tarbiyyar da ba ta lanƙwasuwa. A gidanmu ba a rataye hoton abu mai rai, ko kalanda aka ba shi mai fuskar mutum sai ya naɗe ta ya mayar. Zana mai rai haramun ne a wurinsa, ba doguwar magana. To, ga ɗansa na fari yana cika kasuwa da mutum mai wushirya. Baba ya sani, ni ma na san ya sani, don kullum ta gaban allunan nan yake bi ya je rumfarsa. Amma in abokansa suka tambaye shi aikina, sai ya ce ina shafa wa ƙofofi fenti, su kuma su gyaɗa kai don sun san darajarsa. Da na rubuta sunan gidanmu a ƙarƙashin hoton nan, da na tsinka shi a gaban sahun da yake kira salla. Ban ga laifina ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Duk ɗan da ya tashi a irin gidanmu abin da zai yi ke nan.

Na ma yi wani ƙoƙarin na kaina. Wani malami ya taɓa gaya mini cewa in an raba kai da gangar jiki, hoton bai cika halitta ba, abin ya yi sauƙi. Shi ya sa nake barin wani ɗan farin layi a wuyan mai amalanken, wanda sai ka matso za ka lura da shi. Abokina ya sha tambayata amfaninsa, ina ce masa ado ne, don ban ga ta inda zan fara yi masa bayani ba.

Sai 'yan tawaye suka shigo gari daga arewa. Miskine ta sha wuya a hannunsu, aka kwashe gidan abokina tas, har tabarma. Waɗanda suka yi masa haka suna salla, wasunsu a masallatan unguwarmu, kuma ba zan yi ƙarya in ce bai kalle ni da wannan idon ba ranar da na kai masa shinkafa da katifa. Ya karɓa ya ce singila, wato na gode, amma bai ce in zauna ba. Ƙarshen shekara masu adduna suka taso daga ɓangaren Kiristoci, abin ya juyo kanmu. Musulmin Miskine suka gudo cikinmu, shi kuma ya kwashi iyalinsa ya koma sansanin da ke filin jirgi, daga baya na ji an ƙone gidan nasa gaba ɗaya. Manyan motoci suka yi ta lodin mutanenmu zuwa Cadi da Kamaru, wasu a kan kaya, wasu a rataye. Shagunan bakin iyakar unguwarmu aka cire musu ƙofa da kwanon rufi. Allunan da suka rage a ciki, mu da kanmu muka farfasa su muka dafa abinci, don itace ba ya shigowa. Na ga mai tura sa yana ci da wuta a ƙarƙashin tukunyar wake, ni ma na ci waken.

Baba ya ƙi tafiya. Ya ce a nan ya binne mahaifiyarmu, kuma masallaci ba zai zauna ba mai kira. Haka muka zauna a rufe kamar kaji a akurki, ba mai ƙetare gadar da ta raba mu da cikin gari ya dawo da labari mai daɗi. Na ajiye buroshi na koma sayar da shayi, ina da mata da yara ƙanana. Da fari muna waya da abokina, gaisuwa da tambayar wa ya mutu. Sannu a hankali wayar ta ragu, har ta yanke, ban san wanda ya fara daina kira ba.

Da hanya ta ɗan buɗe bayan shekaru, wata ƙungiyar agaji ta zo neman masu zane daga ɓangarorin biyu, za a yi hoton zaman lafiya a wani dogon bango ta wajen unguwar Yakité. Na ba da kaina da murna, hannuna ya daɗe yana ƙaiƙayi. Ranar farko wani jami'insu mai tabarau ya tara mu ya raba mana takarda mai kala, ya ce samfuri ne. Ina dubawa na ga mutumina. Kunnuwansa, wushiryarsa, amalankensa, an ɗora masa masallaci da coci da kurciya a sama. Sun sa masa takalmi a ƙafa biyu, wai kada a ce ana yi wa talaka dariya. Farin layin nan na wuya kuwa ya zama jar sarƙa, har da bayani a gefe cewa alama ce ta haɗin kan 'yan ƙasa. A ƙasa ga sunan abokina da manyan haruffa.

Jami'in ya yi mana jawabi cewa wannan aikin wani shahararren mai zane ne ɗan ƙasarmu, wanda ya ƙirƙiro shi a cikin wahalar sansani, doka tana kare shi, sun nemi izininsa kafin su taɓa, saboda haka kada wanda ya canza ko ɗigo. Na ce masa ni na ƙirƙiro mutumin nan. Ya yi murmushin da ake yi wa mara lafiya, ya ce kowa a Bangui yana jin kamar nasa ne, kuma nasarar aikin ke nan. Na hau tsani na fara. Can sai ga shi ya dawo yana duba takarda yana duba bango, ya ce kunnuwan sun yi girma, in rage. Na rage. Ina da bakuna a gida da ke jiran abinci, na rage kunnuwan, raina yana tafasa kamar ruwan shayina.

Ranar buɗe bangon abokina ya zo cikin motar ƙungiyar. Ya yi ƙiba, ya sa riga mai kyau, amma furfura ta fito masa kuma ya rasa haƙori biyu na gefe. Ya rungume ni a gaban masu ɗaukar hoto. Da suka matsa na ja shi bayan mota.

Na ce, "Ita, wannan fa?"

Ya ce, "Wanne?"

"Kar ka raina mini hankali. Ka san hannun wa ya fitar da shi."

Ya murza makullin da ke hannunsa, sannan ya ce, "A sansani ba ni da komai sai gawayi. Na zana shi a jikin tamfol don yarana su daina kuka. Turawa suka gani suka tambaya na wa ne. In ce musu me? In ce na wani Musulmi ne a Sankilo, a wurin nan, a wannan lokacin? Da ba ka same ni da rai ba."

Na ce wannan na yarda, amma sansani ya tashi tuntuni, kuma ba a sansani ya je ofishin haƙƙin masu ƙirƙira ya yi rajista ba.

Ya ce, "Kai ka ce in sa sunana. Shekara nawa ina sa hannu kana ɓuya a bayana? Lokacin abin kunya ne, ni na ɗauka maka. Yanzu ya zama abin alfahari sai ka ce in sauke? Kai gidanku yana nan tsaye. Ni ko harsashin gidana ban tarar ba."

Bai yi gaskiya ba, amma rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabin nan ya ishe shi yin barci. Aka kira shi ya yi jawabi, ya tafi.

Da abin ya tsaya a nan wataƙila da na haɗiye. Amma wani mai sayar da kayan gini da ya dawo daga Kamaru ya sake buɗe shago, ya ce in yi masa mutumin nan kamar dā, yana tura buhun siminti. Na yi masa shi yadda na san shi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ba a daɗe ba wani mutum ya zo da jaka a hannu, ya ce shi wakilin mai zanen ne, an yi amfani da aikinsa ba izini, a goge ko a haɗu a kotu. Mai shagon da ƙyar ya farfaɗo daga asara, ko sunan kotu ba ya son ji. Ya aika aka kira ni, ya miƙa mini gwangwanin farin fenti. Da hannuna na shafe shi, na fara daga ƙafa don kada in ga fuskar da wuri, 'yan kasuwa suna tsaye suna kallo.

Washegari na cire hulata na sa a aljihu don kada a gane Musulmi ne ni, na shiga cikin gari wajen wata lauya da ke ba mutane shawara kyauta. Mace ce dattijuwa, ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce doka ba ta ce sai ka yi rajista ba, wanda ya ƙirƙiri abu nasa ne tun daga ranar da ya yi shi. Amma in gardama ta tashi, sunan da ke jikin aikin shi ake fara yarda da shi, sai in an kawo hujjar da ta rushe shi. Abokina yana da tsofaffin hotunan allunanmu a waya, kowanne da sunansa a gefe. Ni ba ni da komai sai bakina. Ta ce in nemo shaidu, mutanen da suka ga hannuna yana zanawa tun kafin rikici.

Na fita nema. Mai shagon fulawa an kashe shi a hanyar Kamaru. Mahauci yana Cadi, ba a san garin ba. Waɗanda suka rage a kasuwa sun san gaskiya sarai, amma da na ambaci zuwa cikin gari su tsaya gaban alƙali su ƙaryata Kiristan da ake nunawa a talabijin, sai kowa ya tuna yana da aiki. Wani ya ce mini, "Don Allah ka rufa mana asiri, da ƙyar aka fara barinmu muna ƙetare gada, kai kuma za ka ja mana a kan ɗan tsana." Ban zage shi ba, amma na daina shan shayi da shi.

Na koma wajen lauyar hannu biyu. Ta tambaye ni ko a gida akwai wanda ya gani. Na ce akwai. Tun farkon abin, wata rana Baba ya shigo ɗakina ba sallama yana neman almakashi, ya tarar da ni a durƙushe na shimfiɗa kwalaye ina gwada fuskar mutumin nan iri-iri. Ya tsaya ya kalla, ya ɗauki almakashinsa ya fita, bai taɓa ta da maganar ba. Lauyar ta ce shaidar dattijo irinsa, ladani da unguwa ta sani ba ya ƙarya, tana da nauyi. Ta ce ba sai ya sha wahalar zuwa ba, ita za ta zo ta ji ta bakinsa tukuna.

Na same shi a zaure bayan azahar yana jan carbi. Na durƙusa na gaya masa komai, kaina a ƙasa, ban taɓa furta kalmar zane a gabansa ba sai ranar. Na ce ba dukiya nake nema ba, so nake a san nawa ne, yarana su sani. Ya ce, "Ta zo ɗin." Na tashi ina jin kamar an sauke mini dutse.

Ta zo da hantsi, ta yafa gyale don girmama gidan. Baba ya sa aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka kawo ruwa da goro. Suka gaisa da Sango, ta tambayi jikinsa, ya tambayi hanya. Sannan ta nuna masa hoton a wayarta ta ce, "Papa, ka san wanda ya fara zana wannan?"

Baba ya ɗan kalla ya kau da kai. Ya ce, "Na sani. Yaron nan ne na Miskine, ai ga sunansa nan. Ɗana ƙofofi yake shafawa. Bai taɓa zana abu mai numfashi ba."

Ta sake tambaya a hankali, ta ambaci ranar kwalayen. Ya ce shi bai ga kwali ba. Ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, da tausayi, kuma tausayin ya fi yi mini ciwo. Ta yi godiya ta tashi. Na raka ta bakin titi, ta ce in na sami wani shaidar ƙofarta a buɗe take.

Na dawo zauren. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na tsaya a tsaye a kansa, wanda a gidanmu ya fi ihu muni. Na ce, "Baba, ka gani da idonka."

Ya ce, "Na gani. Hannunka ne, ko a duhu na san shi. Zauna."

Ban zauna ba.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya raba ka da abin nan. Ga wani ya zo da ƙafarsa ya ce nasa ne, har hukuma ta rubuta masa. Ranar da za a tsayar da kowa a ce ya hura rai a cikin abin da ya zana, shi za a kira. Kana so ni, da bakina, in ce a'a, a kira ɗana?"

Na ce, "Baba, ai Allah ya san wanda ya zana."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ya sani. Ka bar ni dai kada in zama cikin masu shaida."

Abokina don cikinsa ya yi mini abin da ya yi, shi ina iya tsinewa in ji sanyi. Baba kuwa ba ni da inda zan kai ƙararsa, ko a zuciyata, kuma wannan ne har yau ban iya haɗiyewa ba. Bai ƙara ta da maganar ba har ya rasu, ni kuma ban sake samun wani shaida ba.